Albasa, alubosa, yabasi: shekara goma sha ɗaya bayan Malam Jabbi

Da girbin albasar bana mahaifina, Malam Jabbi na Kwargaba, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ba da kalanda nake lissafin ba. Idan na biyo hanyar Wurno, warin lawashi ya cika mota, na hango buhuna jere a bakin titi, to na san wata shekarar ta zagayo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kunya ke riƙe mani hannu, domin ba yadda zan ba da labarinsa ban tona asirin kaina ba. Amanar abu ɗaya tak ya bar mani, irin albasarsa, ni kuwa na kashe shi, kuma da kyakkyawar niyya na yi kisan.

Bari in fara da mutumin. Baba manomin albasa ne, malantakar tasa ta girmamawa ce kawai irin ta gari. Gajere ne, mai saurin tafiya, ko rigar Idi ya sa sai ka ji ƙanshin fadama a jikinsa. Yana da wata ɗabi'a da duk Kwargaba aka sani, ana kuma yi masa tsiya a kanta. Ba baƙon da zai zo sayen albasa a gonarsa a shiga ciniki Baba bai ɗauki guda ɗaya ya ɗaga masa ba, ya ce, "Ku can garinku, mi kuka ce mata?" Fataken da suka saba da shi tun daga bakin gona suke faɗin sunan da ƙarfi, don a wuce wurin a kama maganar farashi.

Bayarabe ya ce masa alubosa. Mutumin ƙasar Ibo ya ce yabasi. Banufe ya ce lubasa, Bazabarme ya ce albasan. Wani direba daga arewacin Gana ya ce alibalsa, idan kunnena bai yi mani ƙarya ba. Duk wanda ya faɗa, sai Baba ya maimaita a hankali, yana juya kalmar a baki kamar mai tsotsar dabino, sa'an nan ya yi murmushi shi kaɗai. Lokacin ina kwalejin horon malamai, idan na zo hutu sai ya zazzage mani waɗanda ya tara, ya ce, "Dikko, rubuta." Ni ne ɗansa namiji ɗaya, kuma tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, saboda haka rabona a gonar bai wuce wannan rubutun ba. Na san sunan albasa da harsuna da dama, amma ban taɓa dasa ko guda ba.

Abin da ke ba shi mamaki shi ne harsunan nan ba dangin juna ba ne. Yakan ce mu ruwa muke cewa, Yarbawa su ce omi, Ibo su ce mmiri, ba inda aka haɗu. Haka wuta, haka rana, haka uwa. Amma da an zo kan albasa sai bakuna su daidaita. Shi a ganinsa, abin da Allah ya ba kowa tun farko, kowa ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Abin da wani ya miƙo maka da hannu kuwa, da sunansa ake miƙo shi, domin dole ka tambaya, dole a gaya maka. Saboda haka idan ya ji alubosa, ba kalma yake ji ba. Mutane yake gani, layi guda, daga nan har inda ido ba ya kai, kowa ya tara hannu ana zuba masa ɗan baƙin iri, yana tambaya, ana ba shi amsa, yana faɗa yadda harshensa ya iya. Yakan zauna bakin fangali, wato yankin gonar ban-ruwa, bayan la'asar, ruwa na bin kwalbati a hankali, yana ba ni labarin waɗannan mutanen da bai taɓa gani ba. Har kamanninsu yake ƙirƙira. Akwai wani mai raƙumi da ya ƙulle iri a gefen rawani, akwai wata tsohuwa a bakin Kwara da haƙoranta suka zube, wadda a cewarsa ita ce ta fara cewa lubasa.

Shekarar da ya je aikin hajji ya dawo da murna biyu. A wata kasuwa a Makka ya ji mai tebur yana kiran kayansa, basal, basal, ya waiwaya sai ga albasa tsibi. Ya ce tsayawa ya yi kamar wanda ya ci karo da kakarsa a ƙasar mutane. Mahaifiyata, Inna, ta daɗe tana yi masa ba'a, wai alhazai na dawowa da zamzam da dabino, nata mijin ya dawo da sunan kayan miya. Ni kuma da rawar kan ɗan boko na ce masa ai wannan sananne ne, masana sun riga sun ce daga Larabci kalmar ta shigo Hausa, daga nan ta gangara kudu. Ya dube ni ya ce, "To, sun hwaɗi inda tah hito. Sun hwaɗi wanda yak kawo ta? Mi sunanai?" Har yau ban san sunansa ba.

Ba kowa ke yarda da shi ba. Akwai Alhaji Lasisi, wani farken Bayarabe da ke zuwa da babbar mota kowace bazara, wanda ya rantse alubosa tasu ce tun fil'azal, mu ne muka ara muka gutsure mata baki. Shekara da shekaru suna wannan gardama a ƙarƙashin mangwaro, ana awon buhu, ba wanda ya taɓa sakin layinsa, ba kuma wanda ya taɓa fushi. Ranar da wani Bafulatani daga can gabas ya ce su tinyere suke cewa, na zaci Baba zai ji haushi, an ɓata masa lissafi. Sai ma ya ji daɗi. Ya ce su ta wata hanya ta zo musu ke nan, ya yini yana tunanin wace hanya ce.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu duk abin da ya kwashe shekara talatin yana tsinta daga bakin fatake, ɗiyata takan danna waya ta karanto mani shi kafin shayi ya huce. Ina jin zai saurara da ladabi, sa'an nan ya tambayi wayar ita can garinsu me suke cewa. Fataken kudu ma sun ragu, hanyoyin ba kamar da ba, ciniki ya koma ta waya, mota ta zo ta ɗauka ta juya ba wanda ya zauna gindin mangwaro. Iri kuwa a gwangwani yake zuwa daga waje, da hoton albasa mai sheƙi a jiki, kowace shekara ka sayi sabo. Ba na aibata shi, yana yi, yana cika buhu. Amma ba wanda ya miƙo maka shi, ba ka kuma tambayi kowa komai ba.

Shi Baba bai taɓa sayen iri ba. Albasarsa daban take: ja ce wur har cikin ɓargo, mai faɗi kamar faifai ƙarami, wuyanta siriri, tana da yajin da ɗaya ta ishi tukunya. Tana kuma jure ajiya, damina ta zo ta wuce ba ta ruɓe ba. Daga mahaifinsa ya gaje ta. Idan an yi girbi sai ya zaɓi waɗanda suka fi kyau, ya ce waɗannan uwa ne, ba na sayarwa ba. Ya shimfiɗa su a rudu, wato rumbun kara mai rufin ciyawa da iska ke ratsawa, su yi damina a ciki. Sanyi na shigowa ya yanke musu kai ya binne, su fito su yi fure fari dunƙule-dunƙule, furen ya bushe, a kakkaɓe irin. Baƙi ne ƙanana, ya zuba shi a wata tsohuwar gora da ke rataye a ɗakinsa. Duk wannan yanzu na san shi dalla-dalla. A lokacin abin da idona ya gani kawai shi ne gorar, tun ina yaro tana rataye a wuri ɗaya, kullum kuma a cike.

Kwana huɗu kafin ya rasu, da hantsi, ya sa Inna ta sauko da gorar ya ɗora mani a cinya. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa. Ya ce, "Wanga na tsoho na, shi ma ba shi anka yi. Kak ka bari shi mutu." Na ce in Allah ya so ba zai mutu ba.

To, ni malamin makaranta ne, na san yadda ake adana abu mai daraja. Na kai gorar gidana a Sakkwato. Na ga tsohuwa ce, ƙwari za su iya shiga, sai na sayi kwalba mai murfin ƙarfe, na wanke, na shanya, na juye irin, na ɗaure murfin tam. Na sa ta a kabad mai gilashi, kusa da takardun shaidar karatuna, inda ba yaron da ya isa ya taɓa. Gonar kuma na bar wa maƙwabcinmu Malam Buba yana nomawa da irin gwangwani. Niyyata idan na yi ritaya in koma gida in shuka da hannuna, yadda ya dace da abin gado. Duk Juma'a nakan ciro kwalbar in goge ta. Baƙo ya zo in nuna masa, har da ɗan jawabi. Idan na tuna wannan jawabin yanzu sai in ji kamar in nutse.

Inna tana nan Kwargaba, a ɗakinta na da. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, kai wanga take cewa. Duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa, sai ta ce, "Kai wanga, irin Malam shina nan?" In ce, "Shina nan, Inna." Ta gyaɗa kai ta kama wata magana. Shekara goma muna haka.

Bara, wajen ƙarshen damina, ta yi wata jinya da ta tsorata mu. Da ta samu sauƙi abinci ya daina yi mata daɗi, komai aka dafa ta ce ba ɗanɗano. Ina zaune gefen tabarmarta ta ce, ba ma ni take kallo ba, ita fa da za ta ƙara jin albasar Malam a miya ko sau ɗaya ne, da ba ta da sauran kwaɗayi a duniya. Ta haura tamanin. Washegari na koma Sakkwato na ɗauko kwalbar, na riƙe ta a cinya tun daga tasha har Wurno.

Malam Buba ya gyara mani fangali guda na reno, muka watsa irin, na ba shi ruwa da hannuna. Na ɗauki hutu na zauna. Kowace safiya ina tsugune bakin fangalin ina leƙen ƙasa. Na Malam Buba da ke gefe ya fito kore shar, siri-siri kamar gashin jariri, nawa shiru. Da aka yi mako biyu ya tsuguna kusa da ni, ya tona da yatsa, ya murza abin da ya ciro.

"Malam Dikko, shekara nawa irin ga ya yi ajje?"

"Goma," na ce, har da ɗan alfahari.

Ina ganin yadda yake kokawa da dariya saboda darajar Baba. Sa'an nan ya ce, "Ai irin albasa ba shi daɗewa. Shekara guda, in ta yi yawa biyu. Ni na aza kana ba wani shina juya maka shi can birni."

Na ce to gorar fa, da na tashi na gan ta a cike shekara da shekaru?

"Gorar ita at tsohuwa," in ji shi. "Abin ciki kowace shekara sabo na."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na kuma ji baƙin ciki sabo fil, kamar ranar aka yi rasuwar. Ashe abin da na ɗauka ajiya ce, aiki ne da Baba ke sakewa kowace shekara, shi da tsohonsa kafin shi, ba fashi ko sau ɗaya. Fashin farko a hannuna aka yi shi. Ban iya gaya wa Inna ba. Na ce mata ana kan reno, na gudu na koma birni.

Da bazarar bana ta kama, albasa ta fito kasuwa, sai na shiga yawo. Ban san takamaiman abin da nake nema ba, na dai kasa zama. Ranar kasuwar Wurno ina can, ta Rabah ina can, ta Goronyo ina can, ina bin tsibi-tsibi, in ɗauki wannan in duba wuyanta, in sunsuna waccan in ajiye. Masu kaya suka gane ni, wani yakan ce ga malamin nan mai sunsune ya iso, ku ɓoye. Akwai ranakun da zafi da warin albasa suka haɗu suka juya mani kai, har in riƙa ganin kamar ga gajeren mutum can yana sauri tsakanin buhuna, in na matsa in tarar wani ne. A cikin yawon nan ne na fara fahimtar abin da ke sa Baba murmushi. Ba wanda ya taɓa sa kalmar albasa a kwalba. Kowace safiya wata mata a wani gari tana aiken a sayo mata, da irin lafazin garinsu, shi ke nan rayuwar kalmar.

A Goronyo, can ƙarshen layi, na tarar da wani magidanci mai suna Altine da ɗan tsibinsa da bai fi kwando uku ba. Ja ce, mai faɗi, wuya siriri. Na tsuguna na tambaye shi inda ya samo irin wannan.

"Wagga? Tamu ta, tun kakanni."

Na ce ko ya taɓa jin wani Malam Jabbi na Kwargaba. Ya yi tunani da gaske, ya girgiza kai, ya ce shi dai ga babansa ya gan ta, baban kuma ya rasu. Ya ƙara da cewa ba ta cika buhu kamar ta gwangwani, don dai mata na son ta ne yake riƙe da fangali biyu. Na buɗe baki zan yi masa jawabin nan nawa, sai na rufe. Ba ni da hujja, kuma wanda ya raya abu ya fi wanda ya kashe shi ikon cewa nasa ne. Na sayi kwando guda ban yi tayi ba.

Na iske Inna a inuwar zaure na ciki, tana tsintar wake. Na ajiye kwandon, na zauna ƙasa, na gaya mata komai, tun daga kwalba har fangalin da bai tsiro ba. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Tun shekara ta biyu nis san ya mutu," ta ce.

"Inna, mi yah hana ki hwaɗa mani?"

"Matarka ta ce kowace Juma'a sai ka goge kwalbat. Mutum shina makokin ubanai, in ce mai mi? Jira nika yi ka gaji."

Ta jawo kwandon, ta laluba ta ɗauki guda, ta juya ta a tafin hannu, ta sa a miƙo mata wuƙa. Ta raba ta biyu ta kai hanci, ta rufe ido. Na ji kamar ina jiran sakamakon jarrabawa. Ta gutsuri kaɗan ta tauna da sauran haƙoranta.

"Ba ita ta ba," ta ce. "Amma jikanyatta ta."

Ta ce ta Malam ta fi wannan yaji, wannan ta ɗan yi auratayya da wasu, ƙudan zuma ba su san iyakar gona ba. Ta ce Malam ya sha ba mutane uwa, duk wanda ambaliya ta cinye wa iri ya zo ba ya komawa hannu wofi, ita ba ta riƙe sunayensu ba, shi ma bai riƙe ba. Ko baban Altine na cikinsu, Allah ne masani.

A ranar aka yi mata miyar kuka da albasar da ta yanka, ta ci tuwo fiye da yadda ta ci a wata shida. Na yi murna, na ce kwandon nan zai kai ta har bayan damina. Sai ta sa aka zazzage shi a tabarma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta ture ƙanana uku gefe, ta ce waɗannan na miya ne. Sauran duka ta ce uwa ne, a kai rudu.

Na ce mata ta yi lissafi. Uwar nan sai sanyi za a binne ta, ta ba da iri da bazara, irin ya jira wata kaka, a rena, a dasa. Shekara biyu ke nan kafin a ci albasa daga gonarmu. Ban ƙarasa abin da ke raina ba, ita ta ƙarasa mani.

"Na sani ba lalle in kai ba," ta ce. "In nic cinye ta, ta ƙare cikina. Ɗauka ka kai."

Abin da ya rage na Baba ke nan, idan na auna. Littafin da na rubuta masa sunayen ya ɓace a wata ƙaura, ban kuma yi asarar komai ba, sunayen suna bakin masu su. Sunansa shi kansa bai kai Goronyo ba. Abin da ya kai, in har ya kai, albasa ce da ta ɗan canza, a hannun mutumin da bai san shi ba. Da ina ganin wannan rashin adalci ne. Yanzu ina jin shi Baba zai fi kowa jin daɗinsa, ya shiga layin mutanen nan nasa da ba a san sunansu ba.

Malam Buba ya taya ni kafa rudu a bayan gida, karan ya yayyanka mani hannu, Malam Buba ya ce alamar shiga makaranta ce. Na nemi a maido ni aiki kusa da gida. Kowane mako nakan shiga in juya su, in fitar da wadda ta fara laushi. Inna ta cinye ukun nan nata tuni, ta koma cin ta kasuwa ba ƙorafi. Daga inda take zama tana hango ƙofar rudun, kuma na lura tun da aka kafa shi ta sa an gyara mata tabarma ta fuskanci can.